Shekarar da Garinmu Ya Turke Ni

A ƙauyenmu, can tsakanin Shagari da Kajiji, an taɓa turke mutum kamar yadda ake turke ragon layya, kuma ni ne mutumin. Ba da igiya aka ɗaure ni ba, da biredi ne da shayi. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, ni ke riƙe da kambun kokawa na garin, kuma duk wanda ya sa hannu a wannan aika-aika da zuciya ɗaya ya sa.

Bari in faɗi yadda kambun yake, domin duk maganar a kansa take. Zobe ne na jar fata, an ɗinke shi a zagaye babu maɗauri, zura hannu ake yi a tura shi har damtse. Kakana ne ya ciwo shi daga mutanen wajen Bodinga tun yana saurayi, ya kayar da gwarzonsu a gaban makaɗansu, kuma tun ranar bai sake komawa can ba. In mai riƙe da shi ya fara gajiya, sai wani saurayin garinmu ya kayar da shi ya karɓa, haka aka yi ta yi har abin ya zo kaina. Al'adarsa ita ce ba a cire shi. Ko wanka kake yi sai dai ka matsar da shi ka cuɗa ƙarƙashinsa. Ranar da wani ya kai ka ƙasa, shi zai zare shi da hannunsa a tsakiyar fage, kowa na kallo. Lokacin da ya zo gare ni jar fatar ta riga ta yi baƙi da gumin maza huɗu, kuma in na ɗaga hannu yakan ɗan yi wasa, har ina iya zura yatsa biyu a ƙarƙashinsa.

Kakata, matar mai kambun na farko, ita ta rene ni. Tsohuwa ce 'yar firit mai sayar da fura, bakinta ya fi askar wanzami kaifi. Tana ce mini angonta, ni kuma ina ce mata tsohuwar da ta ƙi ba wa matasa wuri. Kullum da safe takan dama mini fura a ƙwaryata da nonon da Fulani ke kawo mata, mai kauri, wadda in ka tsayar da ludayi a ciki sai ya yi shawara kafin ya kwanta. In na shanye na saɓi hauya, ba na sake tuna ina da ciki sai la'asar. Da yamma tuwon dawa da miyar kuka, wata rana wake, wata rana kwaɗon zogale da ƙuli. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wata dabara ba, abinci ne kawai.

A shekarar da aka yi zaɓe karo na biyu a mulkin farar hula, tun farkon damina, sai mutanen wajen Bodinga suka aiko da goro. Sun yi sabon gwarzo, in an gama girbi suna nan tafe karɓar kayansu. Daga nan labari ya fara ƙiba. A kasuwar Shagari wani ya ce ya gan shi, ƙato ne ya kai rumbu. Mako na zagayowa aka ce jaki yake ɗagawa da kayansa. Babu ɗan garinmu ko ɗaya da ya gan shi da ido, amma kowa ya san wanda ya san wanda ya gan shi.

Dattawa suka taru a ƙofar mai gari, aka kira ni aka tsayar a tsakiya. Mai gari ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Yaron ga ƙarhi gare shi, ba mu musu," in ji shi. "Amma ku dibe shi. In wancan ƙato ya sungume shi, awa damin kara za shi jehwar da shi."

Sai wani Alhaji ɗan kwangila, ɗan garinmu da ke neman kujera a wannan zaɓe, ya gyara babbar riga ya ce, "Ranka shi daɗe, a bar man shi. Wata huɗu kawai. In ban cika shi ba a canza man suna."

Nan take aka yanke shawara, kuma har yau ban ga shawarar da aka yanke da murna irin wannan ba. An hana ni noma, kada gumi ya cinye abin da ake zubawa. Samari za su yi gayya a gonata. Teburin mai shayi na bakin hanya ya zama nawa, in ci abin da na ga dama. Washegari motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gidanmu aka sauke buhun shinkafa 'yar waje, da katan na madarar gwangwani, da kwalin sukari, da akwatin lemon kwalba. A lokacin ana ta maganar tsuke bakin aljihu a rediyo, shinkafa ta fara fin ƙarfin talaka, ga ta buhu guda a zaurenmu. Yara suka yi ta leƙe, mata suka yi ta shigowa ganin arziki.

Wayyo daɗi! Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar farko na ɗauka aljanna ce aka ɗan gutsuro mini. Kafin nan biredi sai in wani ya dawo daga Sakkwato ake yanka mana shi yanki-yanki kamar magani. Ga ni yau a kan benci, mai shayi ya tsaga guda sukutum ya shafe shi da bota, ya tsiyaya madara har shayin ya yi fari, ya jefa sukari ƙwaya shida yana kallona ko in ce ya isa. Ban ce ba. Na tsoma biredin nan ya jiƙe, na kai baki, ya narke tun kafin haƙori ya san an zo. Babu tauna, babu wahala. Na ci guda, na ci na biyu, masu wucewa gona suna ɗaga mini hauya suna cewa Allah ya ƙara nauyi. Da rana shinkafa fara tas da mai, na kora da lemo mai sa hanci yaji. Na kwanta a inuwa ina shafa ciki ina cewa ashe haka masu kuɗi ke rayuwa suka yi shiru.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yunwa. Ni da nake shan ƙwarya ɗaya in yi noma har la'asar, yanzu ina zaune ba na ɗaga ko tsinke, amma kafin hantsi ya dubi ludayi cikina ya fara kira. Ba kuma irin yunwar gona ba ce, mai zuwa a hankali ta yi sallama. Wannan faɗowa take yi, kai ya yi fayau, rai ya ɓaci ba dalili. Sai in koma wurin mai shayi. In na ci ta lafa, bayan ɗan lokaci ta dawo da ƙawayenta. Na lissafa wata rana na ga na ci abinci sau bakwai, kuma ko sau ɗaya ban ji irin ƙoshin nan da ke sa mutum ya ture ƙwarya ya ce alhamdu lillahi ba. Cikin ya cika har ya yi tauri, amma bakin bai ji labari ba.

Kakata ba ta daina dama furata ba. Kowace safiya sai ta ajiye ƙwaryar a bakin ɗakina ta rufe da faifai, in tsallake ta in wuce. Wata rana ta tare ni a tsakar gida.

"Angona, wai mi kaka ci da ba ka ƙoshi?"

"Abincin manya, tsohuwa. Zamani ya canza, hura ta talakawa ta."

"To, sannu babba," in ji ta. "Abincin ga naku iska na. Shina shiga shina wucewa, ko gaisawa ba shi yi da ciki. Hurag ga da kaka tsallakewa ita kakanka yas sha randa yac ciwo abin ga da ka hannunka."

Na yi dariya na ce kakana bai gamu da mai ɗaga jaki ba. Ta ce kakanka bai taɓa yin nishi don ya tashi daga tabarma ba. Wannan ta shige ni, domin da safen nan na yi nishin, ban san ta ji ba.

Don in yi wa biredi adalci, ba shi kaɗai ke da laifi ba. Akwai abokaina biyu da kan zauna tare da ni a bencin, in Alhaji ya ce a ba su su ma. Ɗaya yakan ci rabi ya naɗe sauran a takarda ya ce ya ƙoshi. Nakan dube shi kamar wanda ya yi saɓo. Ni ban iya barin abinci a gabana ba, kuma na san inda na koyo hakan. Lokacin babban farin da aka yi ina yaro, mu shida muke zagaye akushi ɗaya, tuwon bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Wanda ya tsaya tauna ya kwana da yunwa. A nan hannuna ya koyi sauri, idona ya koyi auna lomar maƙwabci. Farin ya wuce, ruwa ya dawo, amma yaron nan mai tsoron a cinye bai bar cikina ba. Muddin fura da tuwo ne babu matsala, domin su suna da nauyin da ke tsayar da mutum ko bai so ba. Da aka haɗa shi da abinci mai zaƙi da laushi, ga zaman banza, ga mutane suna tafa masa a kan kowace loma, sai ya samu abin da ya daɗe yana nema.

Jiki kuwa ya amsa. Wata biyu wandona ya ƙi hawa, telan kasuwar Shagari ya auna ni yana kabbara. Wuya ya yi ninki, kumatu suka tura ido ciki, in ina tafiya cinyoyi suna gaisawa. Gari ya ɗauki murna. Makaɗin kalangunmu ya ƙara mini sabon kirari, yana ce mini giwa mai karya itace, in ya buga sai in ji kaina ya kumbura ya fi cikin. 'Yan mata suka sa ni a waƙar dandali. Tsofaffi kan kira ni su danna damtsena da yatsa kamar masu tayin sa, su ce madalla. Kambun da a da yake wasa ya zauna daram, daga baya ya nutse, nama ya taso ta samansa da ta ƙasansa. In na tashi da safe hannun yakan sage sai na yarfe shi. Mutane suka ce alama ce, kambu ya ƙi rabuwa da mai shi. Kakata kaɗai ta kama hannun ta duba ta ce a damtsen mijinta yawo yake yi, sannan ta saki ta koma bakin turminta.

Gwaji kuwa ba a bari na yi sosai ba, kada in rame. In an yi ma, samarin garin da na taɓa su sai su faɗi, wasu don nauyina, wasu ina zargin don kada su ɓata wa Alhaji rai. Shi ya ci zaɓensa, ya ƙara aiko da buhu.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, geron da aka samu bai cika rumbuna ba, amma ranar kokawa ba wanda ya tuna da wannan. Bayan la'asar fagen bayan gari ya cika ya batse. Mutanen Kajiji sun zo a kan babura, na Shagari a motoci, masu rake da masu ƙosai sun kafa layi, kakata ma ta kawo ƙwaryar furarta ta zauna a gindin wata bedi. Da aka fito da ni cikin walki, guɗa ta tashi ta ko'ina, kalangu ya ɗauka, na ɗaga hannu biyu ina zagaya fage ƙasa na amsawa. Wallahi a wannan lokacin da an ce in kama bijimi da na kama.

Sai motar mutanen Bodinga ta tsaya. Muka zuba ido muna jiran rumbu ya sauko. Makaɗansu suka sauko, dattawansu suka sauko, sai wani dogo siriri kamar sandar makiyayi ya diro daga baya yana riƙe da 'yar gorar fura. Muka ci gaba da kallon motar. Babu kowa a ciki. Shi ne. Manomin albasa ne daga wani ƙauye kusa da Sifawa, mai jan ruwa a fadama da ɗaukar buhuna a kasuwar Bodinga. Mutanenmu suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo tsintsiya a share shi kada iska ta riga mu. Shi ko a jikinsa. Ya tsuguna ya kurɓi furarsa sau uku, ya toshe gorar, ya shigo fage.

Na yi kansa da gudu don in gama da wuri. Na kama iska. Na juyo na sake, ya zille ya dafa ƙeyata ya wuce. Karo na uku na samu ƙugunsa, na ce yauwa, na yunƙura zan ɗaga. Jama'a, kamar na rungumi turken da aka kafa tun kakanni. Babu nama a jikinsa da za ka riƙe, jijiya ce kawai da ƙashi, ya kuma kafa ƙafa ya bar ni ina ta ƙoƙari. Muka yi ta zagaye. Bai kai mini hari ko ɗaya ba, jira kawai yake. Ban san tsawon lokacin ba, amma na san inda numfashina ya ƙare. Ƙirji ya ɗauki wuta, gumi ya rufe ido, kuma abin kunya, a tsakiyar wannan hali sai ga yunwar nan tawa ta faɗo, har ina jin ƙanshin ƙosan da ake toyawa a gefe. Ya ji riƙona ya yi sako-sako. Ya matso, ya sa ƙafa a bayan tawa, ya ɗan tura ni da kafaɗa. Nauyin da gari ya yi wata huɗu yana tarawa shi ya ƙarasa aikin. Na faɗi tim, kalangunmu ya yi shiru a tsakiyar kirari.

Na tashi na miƙa masa hannu bisa al'ada, kaina a ƙasa. Ya kama kambun ya ja. Bai motsa ba. Ya murza, ya sake ja, na ciji leɓe. Aka kawo man gyaɗa daga wurin mai ƙosai aka shafa, aka kawo sabulu da ruwa, mutum biyu suka riƙe ni biyu suka ja, fata ta saɓule jini ya fito, kambu na nan inda yake. Mutanen Bodinga da suka fara da ihun murna suka koma dariya, har da masu riƙe ciki. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, na roƙi ƙasa ta tsage. Rana ta kusa faɗuwa, baƙi suna da tafiya a gabansu, sai mai gari ya ce ba a hana mai haƙƙi haƙƙinsa, a kawo wuƙa a yanke.

Ban ga tasowar kakata ba, sai dai na gan ta a tsakiyar fage, inda mace ba ta shiga, ta tsaya tsakanina da mai wuƙar.

"Ranka shi daɗe, in yanka za a yi, a yanki hannun," in ji ta. "Shi anka ƙara ma nama. Hwatag ga ba ta yi laihin komi ba. Ina amarya nika shahwa mata man shanu, ba a sa mata wuƙa ina da rai."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, ni kuwa tunda nake ban taɓa jin ta karye ba. Sai dogon nan ya saki hannuna, ya rusuna mata.

"Kaka, ba a yankewa," in ji shi. "Na kada shi, kowa ya gani, ya ishe ni. A bar mai shi. Randa duk yah hita da kainai, shi kawo man Bodinga."

Haka aka watse. Na koma gida da kambun da ba nawa ba a hannuna, kuma duk inda na bi ana nuna shi.

Washegari da safe ƙwaryata na bakin ɗaki an rufe da faifai, kamar kullum. Na zauna na buɗe. Na kai hannu zan ɗaga ta in kafa kai yadda na saba, sai tsohuwa ta buge hannun ta miƙo mini wani ɗan ƙaramin ludayi na yara.

"Da wanga za ka sha, kana sha kana ba ni labari. Ciki kurma na, angona, sai an jima shika jin an ba shi."

Ko da na so komawa bencin mai shayi, zamani ya taya kakata. Ba a yi wata biyu ba sojoji suka karɓi mulki, Alhaji ya yi layar zana, buhu ya daina zuwa. Sukari da madara suka zama abin da ake bin dogon layi a kansu a Bodinga, soja na tsaye da bulala. Mai shayinmu ya koma sayar da ruwan bunu, biredinsa ya ƙanƙance har ana yi masa ba'a. Hatsi ma a gidanmu aunawa ake yi. Kakata ta ce tunda samari sun noma mini damina, rani nawa ne, ta tura ni fadama wurin wani ƙanen mahaifina mai albasa, in ja ruwa daga safe zuwa azahar.

Makonnin farko na sha wuya, ba na ɓoyewa. Kai na sara, raina a ɓace, in na rufe ido biredi nake gani yana iyo a shayi. Na yi wa tsohuwa tsawa sau biyu a kan ƙaramin ludayinta, ta ce in na gama rusa kukan in ɗauko mata itace. Amma a hankali wani abu ya sauya. Wata rana ina tsakiyar jan ruwa na ji kiran sallar azahar daga gari, na tsaya da guga a hannu. Tun safe ban tuna da ciki ba! Na jefar da gugar na yi ta dariya ni kaɗai a cikin albasa, ƙanen mahaifina ya ɗauka rana ce ta taɓa ni. Da na dawo gida na ci tuwo, na bar loma biyu a akushi, ba don kunya ba, don na ƙoshi. Na zauna ina kallon lomomin nan biyu kamar ban taɓa ganin tuwo ba.

Kowace Juma'a kakata takan shafa wa kambun man shanu, ta gwada zura ɗan yatsanta a ƙarƙashi. Da farko ko farce ba ya shiga. Daga baya farce ya shiga, sai gaɓa ɗaya, sai yatsa. Ta fi ni ɗoki, ni kuma na rasa gane kaina, domin ban taɓa ganin mutum yana gumi dare da rana don ya rabu da abin da ya fi so ba, sai ni.

Ana cikin cirar albasa, zafi ya fara, wata safiya na sunkuya zan ɗauki buhu sai na ji wani abu ya zamo ya tsaya a gwiwar hannuna. Na duba. Na saki buhun na kwasa da gudu, tun daga fadama har gida ban tsaya ba, kuma numfashina bai ƙare ba. Na faɗa tsakar gida ina ihu, "Tsohuwa, ya hita! Ya hita!" Ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗar da ta tara mana maƙwabta, suna tambaya ko haihuwa aka yi. Muka yi ta murna ni da ita kamar mun ci wani abu. Sai da muka natsu muka dubi juna, kowa ya tuna abin da fitar take nufi.

Ranar kasuwar Bodinga ta ce da ita za a je. Ta ɗaura zanenta na ajiya, ta ƙulla dawo biyar a ƙwarya, muka tari mota a Shagari. Na mayar da kambun damtse, domin ba ni ke da ikon cire shi ba. Muka same shi a cikin 'yan albasa, buhu a kafaɗa. Da ya gan mu ya sauke, ya goge hannu a riga, ya gaishe ta har ƙasa. Na miƙa masa hannu. Ya sa yatsa biyu ya zare shi a hankali, ya fita sumul. 'Yan dako da masu awo suka taru suna tafi. Ya zura a nasa hannun ya ɗaga, kambun ya ɗan yi wasa a damtsensa.

Kakata ta daɗe tana kallon wannan wasan. Sannan ta miƙa masa ƙwaryar dawon.

"Ɗana, man shanu shika so, ran Juma'a. Kada ka sa mai na gyaɗa, shina sa shi tsagewa."

Ya ce ya ji, Kaka, in Allah ya so ba zai tsage a hannunsa ba.

A mota muna dawowa na so in tsokane ta, in ce ta yi sabon ango ta bar ni, amma kafin in buɗe baki ta kamo hannuna. Inda kambun ya zauna ya bar mini zobe fari a fata, da tabon ranar da aka ja shi. Ta ɗora tafin hannunta a wurin ta riƙe, fuskarta na kallon gonaki ta taga. Har muka iso Shagari ba ta saki ba.